Kasuwar da Albashi Ya Haifa: Durƙushewar Kantuna da Gidajen Abinci a Arlit da Akokan

Gabatarwa

Garuruwan Arlit da Akokan, waɗanda ke arewacin jihar Agadez a Jamhuriyar Nijar, sun bambanta da yawancin garuruwan da Bahaushe ya saba da su ta fuskar asali, domin ba rijiya ko zangon fatake ko fadar sarki ce ta kafa su ba, ma'adinin yuraniyom ne ya sa aka zana su a takarda kafin a ɗora tubalin farko a cikin hamada. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971, sannan aka kafa COMINAK a 1974, wanda ya fara aiki a ramin Akouta na ƙarƙashin ƙasa a 1978. Lokacin da COMINAK ya dakatar da haƙa a ranar 31 ga Maris 2021, yawancin abin da aka tattauna ya tsaya ne kan ma'aikatan da suka rasa aiki da kuma tarin turɓayar ma'adini mai guba da aka bari a baya, yayin da mai kanti da mai tuwo da mahauci, waɗanda sunansu bai taɓa shiga takardar albashin kamfani ba, suka faɗi a wajen lissafi. Abin da wannan maƙala take riƙe da shi shi ne, mutuwar ƙananan kasuwanci a waɗannan garuruwa sakamako ne na yadda aka gina su tun farko, wato a kan ƙofar kuɗi guda ɗaya, kuma bashin ƙarshen wata shi ne igiyar da ta ja ɗan kasuwa zuwa ramin da ma'aikaci ya faɗa.

Gari biyu a cikin gari ɗaya

Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin biyu ya gina wa ma'aikatansa unguwa mai cin gashin kanta, wadda mazauna ke kira "site" da lafazin Faransanci, inda gidajen kwana da asibiti da makaranta da kantin kamfani da kulob na cin abinci da shaƙatawa suke haɗe a fili ɗaya, ƙarƙashin mai gida ɗaya. Ruwan famfo da wutar lantarki, wadda ake samarwa daga kwal ɗin SONICHAR da ke kusa da Tchirozérine, suna zuwa wa ma'aikaci ne a matsayin wani ɓangare na aikinsa, gidajen kuma an raba su bisa matsayi, na manya daban, na leburori daban. Irin wannan wadata a tsakiyar sahara ce ta sa aka yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya ba fim ɗinsa na 2005, wanda tun a wancan lokaci yake nuna garin da annurinsa ya fara dushewa.

A bayan katangar wannan tsari wani gari ya tsiro wanda babu wanda ya zana shi. Fari na shekarun 1973 da 1974, da kuma na 1984, ya kore makiyaya Abzinawa daga dajinsu zuwa gefen ma'adini, Hausawa kuma daga Tahoua da Maraɗi da Damagaram suka biyo titin da aka shimfiɗa daga Tahoua zuwa Arlit domin jigilar yuraniyom, suka zo da awo da tireda da sana'ar fawa. Sunan unguwannin Boukoki ya isa shaida, domin daga kalmar bukka ya fito, yana nuna irin matsugunin da mutanen farko suka kafa da kara da kwali da tsofaffin durom na kamfani. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 80,000 a ƙaramar hukumar Arlit, alhali waɗanda ke karɓar albashi kai tsaye daga kamfanonin biyu 'yan dubbai kaɗan ne. Ma'anar wannan rata ita ce, kowace takardar albashi tana ciyar da jerin mutanen da ba su taɓa shiga ramin ma'adini ba, tun daga tela da ɗan kabu-kabu har zuwa matar da ke dafa shinkafa da wake a bakin tasha.

Bashin ƙarshen wata

Wanda yake son fahimtar yadda kanti ke mutuwa a irin wannan gari sai ya dubi littafin da mai kanti yake ajiyewa a ƙarƙashin teburinsa. A wannan littafi kowane gidan ma'aikaci yana da shafinsa, inda ake rubuta buhun shinkafa da galan ɗin mai da sukari da ganyen shayi da aka ɗauka a tsakiyar wata, a biya idan albashi ya shigo. Mai kanti yana ba da wannan rance ne ba tare da jingina ba, domin ya san gidan mutumin, ya san ranar da kamfani ke biya, kuma shi kansa a kan wannan tabbaci ne ya karɓi kayan daga hannun babban ɗan kasuwa a Agadez ko Tahoua, da alkawarin zai aika da kuɗi farkon wata. Mai abinci ita ma haka take yi da leburorin 'yan kwangila da ke ci a rumfarta kullum, tana ɗaukar nama a wurin mahauci bashi, mahauci kuma yana riƙe da kuɗin makiyayin da ya kawo masa akuya. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, to a nan hanjin gari gaba ɗaya a manne yake da ranar biyan albashi guda.

Rufe COMINAK ya raba ma'aikata wajen 600 da aikinsu, tare da wasu ɗaruruwa na kamfanonin 'yan kwangila, kuma bambancin da ke tsakanin rukunin biyu yana da muhimmanci ga ɗan kasuwa. Ma'aikatan kamfani sun samu kuɗin sallama, amma da yawansu ba 'yan asalin Abzin ba ne, saboda haka kuɗin ya bi su zuwa Yamai da sauran garuruwan kudu inda suka gina gidaje, ya zama jari a wata kasuwar. Leburorin 'yan kwangila kuwa, waɗanda su ne abokan cinikin yau da kullum na mai shayi da mai tuwo, sun daɗe suna kukan cewa ba a yi musu irin wannan sallama ba, kuma su ne suka fi zama a gari da shafukansu a buɗe a littafin mai kanti. Ta haka ɗan kasuwa ya yi asara ta fuska biyu, mai iya biya ya tafi, wanda ya zauna kuma ba shi da abin biya. Gidan abinci ya fi kanti saurin faɗuwa a irin wannan hali, domin gwangwanin tumatir yana iya jiran mai saye wata shida a kan kanta, tukunyar miya kuwa ba ta kwana.

Wannan koma baya bai fara a 2021 ba. Haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a watan Maris 2011 ya karya farashin yuraniyom, wanda ya sauko daga wajen dalar Amurka 70 kan kowane laba zuwa ƙasa da 20 a ƙarshen 2016, kuma a cikin wannan yanayi ne aka jingine aikin Imouraren, babban ma'adinin da ke kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, wanda 'yan kasuwa da yawa suka faɗaɗa shagunansu saboda sa ransa. Sace mutum bakwai a Arlit a watan Satumba 2010, da harin bam da aka kai wa SOMAIR a ranar 23 ga Mayu 2013, sun rage yawan baƙin da ke kashe kuɗi a cikin gari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, rufe iyakar Benin ya toshe hanyar tashar Kwatano, wadda a da ta nan ma'adini ke fita, kayan aikin masana'anta kuma ke shigowa, har dangantaka tsakanin gwamnati da Orano, kamfanin da ke gudanar da SOMAIR a lokacin, ta tsinke, aka mayar da SOMAIR mallakin ƙasa a watan Yuni 2025.

Assamakka da cinikin 'yan wucewa

Akwai masu ganin cewa an cika zuzuta dogaron Arlit ga ma'adini, suna kafa hujja da cinikin Aljeriya da kuma zinariya, kuma hujjar tasu tana da ƙafa. Assamakka, ƙauyen kan iyaka da ke wajen kilomita 200 arewa maso yamma da Arlit, yana fuskantar In Guezzam ta ɓangaren Aljeriya, ta nan ne taliya da madarar gari da dabino da man fetur suke gangarowa, kuma da yake gwamnatin Aljeriya tana tallafa wa farashin wasu daga cikin waɗannan kayayyaki, sukan fi na kudu araha a kasuwar Arlit. Gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014 ya jawo dubban matasa waɗanda ke sayen guzuri da kayan haƙa kafin su shiga daji, soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure da aka yi a watan Nuwamba 2023 kuma ya dawo da motoci kan hanya.

Sai dai kuɗin ɗan wucewa da kuɗin mai albashi ba iri ɗaya ba ne a wurin ƙaramin ɗan kasuwa. Mai neman zinariya yana iya kashe jaka ɗari a rana ɗaya, ya ɓace wata huɗu, kuma babu mai buɗe masa shafi a littafi, tun da ba a san ranar dawowarsa ba. Ribar cinikin iyaka tana taruwa ne a hannun masu manyan motoci da masu sito, waɗanda ke da jarin jure kwacen kaya da rufe hanya, ba ta cika isa ga mai rumfar abinci a Akokan ba, domin unguwar kamfani ba a kan hanyar fatake aka gina ta ba. Assamakka ita kanta tana nuna iyakar wannan ciniki, domin mafi yawan mutanen da ke isa can a 'yan shekarun nan waɗanda Aljeriya ta koro ne, ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka wajen kilomita 15 a ƙasa, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Taron mutanen da aka raba da kuɗinsu da wayoyinsu yana ƙara yawan bakunan da ke neman ruwa da abinci, amma ba ya zama kasuwa.

Abin da tsarin rufewa ya manta

Tsarin da aka yi na rufe COMINAK ya ƙunshi binne turɓayar ma'adini wajen tan miliyan 20, da miƙa gidaje da asibiti da hanyoyin ruwa da wuta ga hukumomin ƙasa, kuma dukkan waɗannan wajibi ne. Amma gida ba ya riƙe mutum idan babu sana'a, kuma abin da ya faru a Mounana ta ƙasar Gabon bayan rufe ma'adinin yuraniyom a 1999, da abin da ya sami unguwar Kakuri a Kaduna bayan mutuwar masaƙu a farkon shekarun 2000, sun nuna cewa gine-gine sukan tsaya, kasuwar da ke kewaye da su ce ke bushewa. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa, kuma da wannan kaso yana isa a kan kari, shi ne mafi dacewa da a kafa asusun rance mai sauƙi wanda zai maye gurbin jarin da ya maƙale a littattafan bashi. Titin Tahoua zuwa Arlit, wanda lalacewarsa ke ƙara kuɗin dako a kan kowane buhun gero, gyaransa zai fi kowane tallafi rage wa mai kanti nauyi, haka nan lambunan da ke gefen garin suna iya wadata masu abinci da kayan miya idan an tabbatar da tsabtar ruwan da ake ba su.

Kammalawa

Mayar da SOMAIR hannun gwamnati ya sauya mai ma'adinin, amma bai sauya siffar garin ba, domin har yanzu ƙofar kuɗi ɗaya ce, kuma kowane rami yana da ranar ƙarewarsa kamar yadda na Akouta ya ƙare bayan ya ba da tan 75,000 na yuraniyom. Ya kamata hukumomin Arlit da na Yamai su ƙirga masu kantuna da masu abinci da mahauta a cikin waɗanda rufe ma'adini ke shafa, su sanya su a teburin shawara tun ana biyan albashi, domin wanda ya ciyar da ma'aikaci bashi shekara arba'in yana da haƙƙi a cikin lissafin ranar sallama.