Daga Kafireto Zuwa Kwamfuta: Me Ya Sa Tsohuwar A-kori-kura Ke Ruri a Tsaye?

A Kanya Babba da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Babura, tsohuwar a-kori-kura ce ke kwaso gero da riɗi daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Sau da yawa za ka ji ta a tsaye ana lodi, ƙafar direba ba ta kan totur, amma inji na ta ruri. Makanikai sukan ce silo ya yi yawa. Lafiyayyen injin fetur da ya ɗauki zafi yakan juya sau 700 zuwa 900 a minti idan mota na tsaye. Abin da ya haura haka mai ne ke ƙonewa a banza, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ta daina zama abin wasa.

Inji ba ya ƙara gudu sai ya samu ƙarin iska da mai. Don haka tambayar farko ita ce: wa ke buɗe wa iska hanya? Amsar ta danganta da zamanin da aka ƙera motar.

A 1893 Bajamushe Wilhelm Maybach ya ƙera kafireto mai fesa mai cikin iska. Aikinsa shi ne haɗa iska kusan kashi 14.7 da fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. A cikinsa akwai wani faifai da ke buɗewa idan an taka totur. In an ɗaga ƙafa sai ya rufe, ya bar 'yar kafa, kuma ƙaramin sukuru ne ke saita faɗin kafar. Da wannan fasaha Peugeot 404 da 504 suka mamaye hanyoyinmu, musamman bayan kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Makanikan wancan zamani da kunne suka koyi saita silo.

A irin wannan mota, abubuwan dubawa a fili suke. Wayar totur kan maƙale, ko ƙarfen da ke mayar da faifan ya saki. Cok, wanda ke taimakon inji ya tashi da sanyin safiya, kan ƙi komawa. Sai ɓarauniyar iska: tiyon roba da zafin rana ya tsattsage, ko gasket ɗin ƙasan kafireto da ya mutu. In ka kasa kunne za ka iya jin tsotson iskar, kuma idan ka toshe tiyon da yatsa sautin inji ya canza, to ka kama ɓarawon.

Daga baya labari ya sauya. A 1967 kamfanin Bosch ya fito da injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen. Dokar tsaftace iska ta Amurka ta 1970 ta matsa wa kamfanoni su rage hayaƙi, abin da kafireto ya kasa yi yadda ake so. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ya ɓace daga sababbin motoci a Amurka, kuma daga 1996 aka wajabta wa motocin can mahaɗar da ake jona na'ura a karanto matsala. Galibin motocin tokumbo da ke shigo mana 'ya'yan wannan zamani ne.

A cikinsu kwamfuta ce ke riƙe da silo. Tana karɓar rahoton zafin ruwan inji da yawan iska, sannan ta buɗe ko ta rufe wani ƙaramin bawul da ke zagaye faifan totur. Ƙurar hunturu da baƙin mai kan sa bawul ɗin ya cije a buɗe. Akwai kuma al'adar garejinmu ta cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. In an cire shi, inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta ci gaba da ƙara mai da silo. Haka ma idan na'urar auna zafin ta lalace.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi wa motar zamani na biyu maganin zamani na farko, wato a kama sukuru a murɗa. Sautin zai iya sauka, amma kafar da iska ke shiga tana nan, man kuma na ci gaba da tafiya. Ko a mota mai kafireto ma, sukuru ne abu na ƙarshe da ake taɓawa.

Don haka kafin a kwance komai, a fara gane ko motar mai kafireto ce ko mai injekta. A bar inji ya yi zafi, a duba waya da cok, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, sannan bawul da tamostat. Sau da yawa gyaran bai wuce guntun tiyo ba, wanda kuɗinsa bai kai na man da ake asara a mako guda ba.