Tsohuwar Fijo: Tarihinta A Hanyarmu Da Yadda Ake Riƙe Ta

Jama'a, duk wanda ya kwana biyu a nan Sabo ya san akwai lokacin da in an ce "mota", to Fijo ake nufi. Ita ke kai mu gida da salla, ita ke kawo amarya daga Arewa, ita ke ɗauko wasiƙa da ƙullin daddawa da kuka daga wurin tsofaffi. Yau kuwa sai mutum ya zagaya daga Mokola har Ojoo bai ga 404 ko ɗaya tana tafiya da ƙafarta ba. 'Yan 504 da suka rage ma yawancinsu suna jingine a bayan gida, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kujerar baya. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan mota, mu kuma faɗi abin da makanikai na da suka sani game da riƙonta, tun ba a kai ta ƙarshen ma'auni ba.

Kamfanin Peugeot, wanda bakinmu ya mayar Fijo, na wata zuriya ce a gabashin Faransa. Tun 1810 suke sana'ar ƙarfe, suna yin zarto da injin niƙan gahawa, daga baya kekuna, kafin su shiga ƙera mota a ƙarshen ƙarni na 19. Zakin nan da ke goshin motar ma asalinsa tambarin zarto ne. Amma mu abin da ya shafe mu ya fara ne daga 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, wadda kuma a cikinta aka fito da 404. A 1968 sai 504 ta biyo baya, har aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969.

Abin da ya ɗaga sunansu a Afirka shi ne tseren Safari na ƙasar Kenya, inda ake gudu cikin laka da ƙura da duwatsu na kwanaki. 404 ta ci wannan tsere a 1963, 1966, 1967 da 1968, ita kuma 504 ta ci a 1975 da 1978. Direbobinmu dai ba su jira labarin Kenya ba. Ai hanyar Oyo zuwa Ogbomosho zuwa Ilori, a haye gadar Jabba, a bi ta Makwa da Tegina da Birnin Gwari a faɗa Kaduna, ita ma Safari ce mai zaman kanta, kuma kullum ake yin ta, ga fasinja ga kaya har saman rufi.

Kafin nan jirgin ƙasa ne abin hawanmu. Dogo ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, ita kuwa Sabo an kafa ta a 1916, saboda haka kakanninmu fataken goro da na shanu da jirgi suka saba. Amma jirgi yana da ranarsa da lokacinsa, in ya makara kuma babu wanda za ka kai wa ƙara. Da Fijo mai dogon baya ta zo, wadda ake ce wa wagan, mai layin kujeru uku, sai ya zama mutum zai yi asuba a Sabo ya kwana a Zariya. A-kori-kura kuwa, wato 404 mai buɗaɗɗen baya, ita ta riƙa shiga ƙauyukan Yarbawa tana fito da huhunan goro zuwa bakin titi.

A watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da jiragen siminti, don haka sai aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, daga nan a kai su Kaduna. Ka ji ƙarfin kuɗin mai! A shekarar ce kuma kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kowa ya tashi neman mota. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Wato mota ɗaya ce kwamishina ke hawa, ita ce kuma ke lodi a tasha. Ba Kaduna kaɗai ba, a wancan zamani ana harhaɗa Volkswagen a Ikko, ga Leyland a nan Badun, ga kamfanin batir na Exide shi ma a nan, ana yin tayar Dunlop a Ikeja, Michelin a Fatakwal. Kusan duk abin da mai mota ke bukata yana kusa da shi.

To, me ya sa ta daɗe haka? Mutane sukan ce ƙarfen da ne mai kyau. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganinmu babban dalili shi ne an ƙera ta yadda mutum mai sifana da sukundireba zai iya kwance ta ya mayar. Ɗauki injin. Na 404 mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1618, an kwantar da shi a karkace don bonet ya yi ƙasa. Na 504 ya fara da 1796, daga 1970 aka ƙara shi zuwa 1971. A cikin duka biyun ramin da fistin ke kai-da-kawo ba a jikin bulok aka huda shi ba. Wani bututun ƙarfe ne daban da makanikai ke kira silif, ana zare shi a sa sabo. Saboda haka in inji ya tsufa ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ba sai an jefar da shi ba: a sayo silif da fistin da ringi, a sauya, inji ya koma yaro. Akwai motocin haya da aka yi wa haka sau da yawa, bulok ɗin dai shi ne na ranar farko. Sa'an nan sarƙa ce ke juya kamshaf, ba bel na roba ba, farfela kuma tana cikin bututun ƙarfe, dutse ko kututture ba ya samunta.

Amma wannan silif ɗin yana da sharaɗi, kuma nan ne yaran gareji na yanzu ke yin ɓarna. In an cire tof silinda, ba a juya inji sai an danne silif ɗin da ƙarfe da noti. In aka juya haka nan, fistin zai ɗaga shi, abin da ya toshe gindinsa ya motsa, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Sai a ɗaure komai, mai mota ya biya ya tafi, bayan mako guda ya ga mai ya koma kamar koko. Tsohon makaniki ba ya bukatar a gaya masa wannan. Yaron da ya koyi aiki a kan motocin Japan na zamani kuwa, bai taɓa gani ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Abu na biyu shi ne zafi. Tof silindar Fijo ta alminiyam ce, bulok kuwa baƙin ƙarfe. In ta tafasa sau ɗaya da kyau, tof ɗin na iya lanƙwashewa, gaskit ya ƙone. Mun saba da ɗura wa lagireto ruwan rijiya, shi kuwa yana cin alminiyam, yana tara tsatsa har ƙananan hanyoyin lagireto su toshe. Mai son tsohuwar motarsa ya sa a wanke lagireto sosai, ya riƙa zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani, ya duba fanbel da robobin ruwa. Akwai kuma wata al'ada da ta zama kamar doka a garejin ƙasar nan, wato da zarar mota ta fara zafi sai a cire tamostat a yar, a ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Cire shi ɓoye ciwo ne kawai, injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan fetur, yana kuma saurin cinyewa.

Wajen wuta ba wuya. Kwantak ne da kwandensa da kwayil da fulogi huɗu. Tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce, tsofaffin direbobi da ido ma suke gwada ta a gefen hanya. Wahalar yau ita ce samun na ƙwarai, domin jabu sun yi yawa. In ka dace da mai kyau, sayi biyu ka ajiye ɗaya a motar. Kafireto kuma ba ya son datti, ba ya son tsohon fetur. Motar da aka bari wata shida ba a tayar ba, fetur ɗin cikinta yakan bushe ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireto. Shi ya sa ajiye mota a rufe da tamfol ba adana ta ba ne. A tayar da ita duk mako, a zagaya da ita har inji ya yi zafi, a taka birki, a sa kowace giya.

Mai 404 yana da ƙarin abin lura. A yawancinsu haƙoran aksil na baya ba irin na sauran motoci ba ne, akwai wani faifai na tagulla a ciki, kuma ba kowane man giya yake jurewa ba. Wani man yana cin tagullar a hankali har aksil ya fara kuka. Kada a bari yaro ya zuba duk abin da ya tarar a galan.

Babban abokin gaba dai tsatsa ce, musamman a nan Kurmi inda ruwan sama ke yin wata bakwai ko fiye. Salun ɗin 404 da 504 ba su da shasi daban, bodin shi ne ƙashin bayan motar. In ƙasan ƙafar direba ya ruɓe, ko gindin ƙofofi, ko wurin da shokazoban gaba ke ɗaure, to ba maganar kwalliya ba ce, ƙarfin motar ne ya tafi. A ɗaga kafet a duba, a duba ƙarƙashin batir da ƙasan but. Fanel bita na kirki yanke ruɓaɓɓen wuri yake yi ya yi waldar sabon ƙarfe. Na banza kuwa ya cika ramin da fila ya fesa fenti, damina ɗaya ta tona masa asiri. Wanda ke neman bodi mai lafiya ya nufi gida, domin motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Sakkwato ta fi ta Ikko tsabtar ƙarfe nesa ba kusa ba. Man birki shi ma yana shan danshi, a sauya shi duk shekara biyu. Taya kuma ko haƙoranta na nan, a karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Yaya aka yi muka rabu da ita? Faransa ta daina ƙera salun ɗin 404 a 1975, na 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da 504 har fiye da shekara 20 bayan haka. Abin da ya karya ta kuɗi ne. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan a watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki naira a kasuwa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 dala tana naira 22 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji kuwa ta haura 80, kuma wannan lissafi ba sai an koya wa mutumin Sabo ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai gwanjon Turai ya ɓarke, wanda Yarbawa suka sa wa suna tokumbo, mu kuma muke cewa 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam. Abin mamaki, shekarun nan na wahala su ne lokacin da gwanintar gyara ta kai ƙarshenta, don babu mai jefar da komai. Kasuwar Gate a nan Badun, Ladipo a Ikko, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, duk sun cika da sassan Fijo. Daga baya gwamnati ta sayar da yawancin hannun jarinta a kamfanin Kaduna a 2006, Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina yin taya a 2008.

Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta tana gidan tarihi na Onikan a Ikko, da ramukan harsashi a jikinta, 'yan makaranta na zuwa kallo. Motar da ta yi wa talakan Sabo hidima shekara arba'in kuwa, sai dai a auna ta a kilo. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin masu sayen tsohon ƙarfe a garuruwan nan yaranmu ne. Ba mu ce su bar sana'arsu ba, halal ɗinsu suke nema. Abin da muke roƙo shi ne in 404 ko 504 ta faɗo hannunsu, su sanar da ƙungiya kafin su sa mata wuta. Wata ba abin da take bukata sai silif da fenti. Ƙungiya na iya haɗa kuɗi ta riƙe ko da guda ɗaya, a danƙa ta ga ɗaya daga cikin tsofaffin makanikan da suka rage, a haɗa shi da yara biyu ko uku su koya a hannunsa. Mai irin wannan mota kuma ya adana takardunta na asali, kada ya bari a cire ƙaramin farantin lambar shasi wajen fenti, kada kuma a ruɗe shi ya sauya mata inji da na wata mota, domin da zarar an yi haka darajarta ta tarihi ta faɗi.

Wadda ta riga ta mutu ba ta tasuwa, ita ma kada a sare ta dungurungum. A fara cire kafireto da distiributa da tof silinda da giyabos, a cire agogon dashbod, hannayen ƙofa, zakin gaba, fitilu da gilasai. Ƙarfen bodi mai walda zai iya ƙera madadinsa, amma gilashin gaba na 404 in ya fashe, sai an yi ta cigiya daga Gate har Ƙofar Ruwa.