kwaɗo

kwaɗo (sn., nj., jam'i kwaɗi) 1. Ƙaramar dabba mai tsalle, mai kuka da damina. 2. Ƙarfen kulle ƙofa ko akwati. Kwaɗon gyara: wanda makaniki ke ɗaura wa makunnin inji bayan ya kashe wuta, ya rataya takarda mai sunansa, mabuɗin kuma yana aljihunsa har ya gama. Amurka ta wajabta shi a masana'antu tun 1989. A gidajen niƙa inda injin gas ke jan bel, cire hannun tayar da inji a ɓoye shi na iya maye gurbinsa. Ce wa yaro "kada ka taɓa" ba ya wadatarwa. Misali: Sa kwaɗo kafin ka zura hannu. Wanda ya kulle, shi kaɗai ke buɗewa.