Littafi Mai Tsarki a Ƙasar Matazu: Wace Shaida Tarihin Yahudawa Ya Bayar?

A ƙauyukan Matazu, Malumfashi da Kafur akwai Hausawa Kirista, da yawansu jikokin Maguzawa, masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932, bayan aikin da Likita Mila na Zariya da abokansa suka sha. Daga baya mishan ɗin SIM ya samu shiga ƙasar Katsina ta hanyar jinyar kutare a Babbar Ruga, kuma daga cikinsa ne cocin ECWA ta fito a 1954. Tun lokacin, in hira ta yi nisa tsakanin maƙwabta bayan an taso daga gona, akan ji tambayar nan: wa ya tabbatar labaran da ke ciki sun faru?

Mafi ƙarfin shaida daga waje ta fito ne daga bakin wanda ba Kirista ba. Yosifus, Bayahude ɗan gidan firistoci, an haife shi a Urushalima a shekara ta 37 Miladiyya. Ya jagoranci mayaƙa a Galili a tawayen da aka yi wa Romawa a 66, aka kama shi, ya koma Roma da zama. Wajen shekara ta 93 ya kammala babban littafinsa na tarihin Yahudawa. A ciki akwai Bilatus, akwai Kayafa babban firist, akwai jifan da aka yi wa Yakubu ɗan'uwan Yesu a 62. Ya kuma kawo kisan Yahaya Mai Baftisma, amma da wani dalili dabam. Linjila ta ce Yahaya ya tsawata wa Hirudus Antibas kan auren matar ɗan'uwansa. Yosifus ya ce sarkin ya tsorata ne da taron da ke bin mai wa'azin, kada abin ya zama bore. Mai kisa ɗaya, wanda aka kashe ɗaya, kowa da abin da ya hango.

Sai dai shahararren sakin layin littafin Yosifus da ya yi magana kan Yesu kansa yana da tabo. Malaman Kirista ne suka riƙa kwafe littafin tsawon ƙarnuka, kuma yawancin masana sun yarda an cusa kalmomin yabo waɗanda Bayahude irin Yosifus ba zai rubuta ba, ko da yake tushen zancen nasa ne.

Ƙasa ma ta yi magana. A 1947 makiyaya Larabawa suka ci karo da tuluna cike da naɗaɗɗun fatu a kogon Kumran, gefen Tekun Gishiri. Cikinsu har da littafin Ishaya kusan cikakke, wanda ya girmi tsoffin kwafin Ibrananci da aka sani da kimanin shekara dubu. Da aka gwada, bambancin galibi na rubutun kalmomi ne. A 1961 aka tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa, a 1993 kuma wani a Tel Dan mai ambaton gidan Dawuda.

Akwai inda lissafi ya ƙi daidaita. Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin Hirudus Babba, wanda ya mutu wajen shekara ta 4 kafin Miladiyya. Luka ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyus, wadda Yosifus ya nuna an yi a shekara ta 6 Miladiyya. Tazarar kusan shekara goma ce, kuma har yau masana na ja-in-ja a kai. Mai wa'azin da ya ɓoye wannan bai kyauta wa jama'arsa ba, haka ma mai gardamar da ya riƙe shi kaɗai ya watsar da sauran.

A ganina, tarihin Yahudawa ya tabbatar da sarakuna, garuruwa da zamanin da Linjila ta ambata, ya kuma nuna an kwafi Tsohon Alkawari da kulawa. Batun tashi daga matattu da matsayin Yesu kuwa, ba dutse ko takardar da za ta yanke shi, kuma Yahudawan da suka adana Tsohon Alkawari ba su karɓe shi ba.