Allura da zare: tarihin aikin babbar riga

Hausawa na cewa kada a rena allura, ƙarfe ce. Duk ƙawar babbar riga daga ƴan ɗinkuna kaɗan take tasowa, waɗanda mai koyo ke farawa da su. Akwai ɗinkin sarƙa, inda zare ke shiga cikin madaukin wanda ya gabace shi. Akwai wanda ake huda ƙyalle, a kewaye bakin hudar da zare har ta zama ido. Akwai kuma wanda ake kwantar da zare a bisa ƙyalle, a ɗaure shi da wani siriri.

A ƙarni na 19, aikin riga sana'ar maza ce, kuma malamai da almajirai suka fi riƙe ta. Dalili a fili yake: hannun da ya saba da alƙalami da tawada shi ke iya zana aska biyu ko aska takwas a gefen aljihu, da tambari a ƙirji da baya. Malami ya zana, almajiri ya bi zanen da allura, ya samu abin sawa a baka. Riga guda takan ci watanni.

Zaren ma yana da tarihinsa. Tsamiya siliki ce ta gida, daga saƙar wata tsutsa da ke rayuwa a itatuwa irin su tsamiya. Akan dafa saƙar da ruwan toka, mata su kaɗa. Alharini kuwa, jan siliki, ayari ke kawo shi daga Turabulus, ya ratsa Sahara da Abzin, ya sauka Damagaram kafin ya wuce Kano. Wannan ciniki ya bunƙasa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851 da Damagaram a ƙarshen 1852, ya yi bayanin cinikin tufafin wannan yanki. Sarakuna sukan ba da riga tukuici ko ranar naɗi, don haka ta zama alamar matsayi.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, fatauci ya juya zuwa teku, ayarin arewa ya ja baya. Daga baya keken surfani ya shigo, yana gama cikin ƴan kwanaki abin da hannu ke yi cikin watanni.

Ga malaman lakwal da ƙungiyoyin al'adu, abin lura shi ne: wannan ilimi a yatsu yake zaune, ba a takarda ba. Ranar da gwani ya kwanta dama bai bar magaji ba, sunayen zane da yadda ake fitar da su sun tafi tare da shi. Idan za mu koya wa yara riƙon allura, mu gayyato masu aikin hannu na Maraɗi, Tawa da Damagaram, mu rubuta sunayen da suke kiran kowane ɗinki, mu ɗora darasi a kan rigar kakanninsu.