Tarihin leda da masu son mayar da ita mai

Kafin baƙar leda ta mamaye kasuwar Wadata, da kwando da ƙwarya ake zuwa cefane a Yamai, mai tsire kuma ya naɗe maka naka a takardar siminti. Ledar ba ta da wani dogon tarihi. A 1933 masana na kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da sinadarin da ake yin ta, kuma sai a 1965 kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar jakar da muka sani yau. Ba a rufa shekara hamsin ba ta toshe mana magudanan ruwa, ta cika tumbin awaki, har Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 a Nuwamban 2014, wadda ta hana ƙera ta, shigo da ita da sayar da ita. Wanda ya ratsa tashar Wadata da damina ya san inda dokar ta kwana.

To, tunda daga man fetur aka samo leda, tun bayan tashin farashin mai na 1973 masana suke neman hanyar mayar da ita gida. Ana zuba ta a tukunyar ƙarfe a rufe ruf, iska ba ta shiga, a gasa ta da zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500. Maimakon ta kama wuta sai ta narke ta zama tururi, in an sanyaya shi ya koma mai kamar gazuwal. In aka haɗa da wani gari da ake kira ziyolait, aikin yakan yi sauri da ƙarancin zafi, man kuma ya fi tsinkewa.

Aikin yana yiwuwa, kuɗin ne ke ka da shi. Kamfanin BASF ya buɗe masana'antar gwaji a Jamus a 1994, ya rufe ta a 1996. Robar bututun PVC kuwa tana fitar da iska mai guba da ke cinye tukunyar, dole a tsince ta tukuna.

Mu da matatar SORAZ ta Damagaram ke ba mai tun 2011, wanda aka tatso daga leda sai ya fi nata araha kafin ɗan kabu-kabu ya kalle shi. Ledar Wadata kuwa da yashi da miya take zuwa, sai an biya mai tsinta, mai wankewa da mai shanya kafin ta ga tukunya.