Gwangwanin Kuntigi: Iyakar Gargajiya da Zamani a Nazarin Kiɗa

Nazarin kiɗan al'ummomin duniya ya fara ne da fargabar asara. Tun da aka kafa taskar muryoyi ta Berlin a 1900, manazarta suka duƙufa ga naɗar waƙoƙin Asiya da Afirka kafin zamani ya haɗiye su. Wannan fargaba ce ta haifi al'adar kasa kiɗa gida biyu, na gargajiya da ake ɗauka tsantsa, da na zamani da ake ɗauka gauraye. Wannan maƙala na ganin cewa rabon ya fi bayyana tunanin manazarci fiye da aikin makaɗi.

A ɗauki kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kowa na lissafa shi cikin kayan kiɗan gargajiya, alhali kuwa da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa, a rufe da fata, a ɗaura tsirkiya ɗaya. Kayan masana'anta ne, kuma mutanen da ya fi waƙewa da shi, irin su direbobi da 'yan kamasho, rayuwar birni ce ta samar da su. Haka abin yake a Trinidad, inda matasa suka mayar da durom ɗin man fetur abin kiɗa a wajajen 1940, yanzu kuma shi ne abin kiɗan ƙasa. A Kano ma, wasu masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka ɗora masa begen Annabi, kamar yadda Brian Larkin ya nazarta.

Ana iya cewa rabon yana da amfani wajen koyarwa, kuma tambarin fada ba ɗaya yake da waƙar sutudiyo ba. Gaskiya ne, amma bambancin yana ga wanda ake yi wa kiɗan, da wanda ke biya, da wurin da ake yin sa. Wannan ita ce hanyar da Alan Merriam ya nuna a littafinsa na 1964, inda ya haɗa amo da aikin makaɗa da tunanin al'umma a kan kiɗa. Manazarcin da ya bi ta zai tambayi makaɗi wa ya koya masa, wa ke masa kari, kuma me ya sa ya zaɓi gwangwani.